Kwanon Inna a Kaduna

Daga Randagi

Ana kiran assalatu muka fito, ni da mahaifiyata. Yanar ido ta rufe wa Inna gani, har ba ta bambanta gero da dawa sai ta shafa. Asibitin ido na Kaduna sun ce mu kasance a bakin ƙofarsu da sassafe ranar Talata a yi mata aiki, don haka dole mu kwana a garin. Ni kuwa murna fal cikina, domin ban taɓa wuce Buruku ba.

Damuwata ɗaya ce. Inna ta rantse ba za ta taka otal ba, a wajenta otal gidan giya ne, mu kuma ba mu da kowa a Kaduna. Sai na ce mata gidan wata mai karɓar baƙi za mu sauka. Nan take ta cika kwano da daddawa ta ɗaure a ɗankwali, wai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana.

Babur ya kai mu Birnin Gwari, muka shiga mota. Da muka nausa daji surutu ya ɗauke, kowa ya koma ga carbinsa. A wani shinge soja ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin.

"Daddawa ce, ɗan nan, amma da mai ita," in ji Inna.

Har direba sai da ya yi dariya.

Kaduna

Bayan azahar muka shigo ta Mando. Ga gada a sama, ga motoci kamar tururuwa! Ina ta ba Inna labarin abin da nake gani, tana cewa in rufe baki kada a gane mu 'yan ƙauye ne. Mai adaidaita ya kai mu wani ƙaramin otal mai araha kusa da asibitin. Ɗakin da fanka, da katifa mai laushi, da famfo a banɗaki. Na buɗe famfon na rufe, na sake buɗewa.

Inna ta ce ba za ta zauna ba sai ta gaida uwar gida. Na riƙe hannunta muka je wajen mai otal ɗin, wata Bagwariya da ake ce wa Madam. Inna ta durƙusa, ta tambayi lafiyar mai gida da yara, ta miƙa kwanon. Madam ta kalle ni, ni kuma na kalli ƙasa.

Aka yi la'asar, aka yi magariba. Inna na zaune a gefen katifa, ko mayafi ba ta cire ba.

"Ɗanlami, ko ruwa ba su aiko ba."

"Bari in je in sayo miki abinci, Inna."

"Ka sayo? A gidan mutane? Gidan da ba a ba baƙo abinci ba a son sa. Ɗauki kayanmu, gara in kwana a tasha, gari na wayewa mu koma gida."

Na san halinta sarai. Idan ta fita ƙofar nan aikin ido ya tafi, kuma ban san ranar da za a sake kiran mu ba. Ina cikin rarrashi, tana laluben takalminta, sai aka ƙwanƙwasa.

Madam ce da kanta, ɗauke da kwanon Inna da wani babba a kai. Tuwon masara da miyar kuka, ƙamshin daddawarmu ya cika ɗakin.

"Mama, ki yi haƙuri, gas ne ya ƙare. Mu ma a gidanmu ba a mayar da kwano haka nan."

Inna ta cire mayafi. Ta ci, ta sa albarka, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa.

Talata da Laraba

Aka yi aiki lafiya. Washegari da aka cire bandeji, Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ashe ka yi furfura." Na yi kuka a gaban nas, ban ji kunya ba. Kafin mu bar ɗakin otal ɗin sai da ta share shi tas, ta kuma ƙare wa Madam kallo don ta shaida fuskarta.

Komawa

A hanya Inna ce ke nuna mini gonaki ta taga. Muka iso Randagi da la'asar sakaliya, mata suka cika gidan suna tambayar inda muka sauka. Ta ce gidan wata mutuniyar kirki, mai ɗakuna da yawa.

Da aka watse ta kira ni.

"Ɗanlami, ido na rasa, kunnena lafiya lau. Tun a bakin ƙofa na ji mai adaidaita ya ce ga otal ɗin."

"To Inna, me ya sa kika kwana?"

"Ai ta dawo da kwano."

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Madam kuma, idan an yi girbi, Inna ta ce ita za ta kai mata dawa da kanta.