Taken Kawu Sale

Wata Laraba ce cikin hutun zafi na shekarar 2004, ina da shekara goma, na ga an mari Kawu Sale a ƙofar siton Babana da ke unguwar Al Quoz a Dubai. Ina zaune a kan wani kwali ina shan lemo, rana ta take har kwalta na kama takalmi, sai ga wani siririn mutum mai tabo a gira ya ratso tsakanin motocin kaya, babu sallama babu komai, ya ɗauke Kawu da mari. Hularsa ta yi tsalle ta faɗa ƙarƙashin mota. Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, kuma duk 'yan dakon layin nan babu wanda ya kai shi faɗin ƙirji, firji guda yakan saɓa shi kaɗai ya hau da shi kwantena. Na gyara zama ina jiran in ga an kwashi mutumin nan a buhu. Sai Kawu ya mayar da hannayensa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya tsaya ƙiƙam har mutumin ya gama zaginsa ya tofar da yawu ya wuce. Sannan ya durƙusa ya zaro hularsa ya kaɗe. Ni kuwa kukan takaici ya ƙwace mini, na jefi mutumin da gwangwanin lemon, ban ma same shi ba.

A bakin Mama na ji tushen maganar. Kawu ɗan dambe ne a da, ɗan gidan mahauta a ƙasar Zamfara, kuma a wata kaka ya yi wa wani saurayi naushin da ya tsiyayar masa da ido ɗaya. Mai marin nan, Ila, ƙanin saurayin ne, ya zo Dubai aikin leburanci ya tarar da Kawu a layi ɗaya da shi. A garin nan kuwa baƙo ba ya ɗaga hannu. Wanda ya fasa wa wani baki, daga ofishin 'yan sanda sai kurkuku, daga can sai filin jirgi, an soke biza, ba kuma dawowa. Kawu yana da mata da 'ya'ya a gida, da ginin da ya fara bai kai ga rufi ba, duk a kan dakon nan suke. Ila kuwa kwangilarsa ta kusa ƙarewa, ko an kore shi dama hanyar gida yake. Baba yakan ce, "Sale, ka bar hannun nan a baya, bakin yara biyar ne a rataye da shi." Kawu ya ce to, kuma ya riƙe.

Mu a unguwar Deira muke zaune, a wani fulat mai ɗaki biyu a saman shagon masu turare. Idan an yi hutun makaranta zafi ba ya barin yaro ya leƙa titi, sai mu yi ta langa da ɓuya a matakala da 'ya'yan Sudan da na Kerala ta Indiya har mai gadin bene ya biyo mu da tsintsiya. Ni ce babba, ni ce kuma mai ƙiriniya, na fasa wa wani yaro leɓe a kan ƙwallon roba, shi ya sa Mama ta ce Baba ya riƙa tafiya da ni sito kafin in ja musu kora daga benen. A can aka ba ni aiki. Ina naɗe kwalayen kago da salatif, ina rubuta sunayen masu kaya da garuruwansu da baƙar maka, Kano, Maraɗi, Kumasi, ina share tarkacen igiya, ina karɓo wa ma'aikata shayin karak a wajen wani Ba'indiye. Sunan kakata aka sa mini, uwar su Mama, saboda haka kowa Ummi yake kirana, Kawu kuwa Innata.

A cikin wata kwantenar gwanjo daga Amurka abin kiɗan ya fito, tsakanin tsofaffin kekuna da takalma, a wani akwati da ƙura ta cinye. Zagayayye ne, an ɗaure masa farar fata da ƙarafa, ga dogon wuya da tsirkiya biyar, ta biyar ɗin gajera ce, a rabin wuya ta tsaya. Akawun Baba ya ce banjo sunansa, babu mai saye, a jefar. Baba Arzika ne ya hana. Shi ne mai gadin siton, wani tsoho ɗan Nijar daga Dogon Dutsi, baƙi siriri mai saurin fushi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin 'yan kokawa da 'yan dambe kasuwa kasuwa da gurminsa. Ya juya abin, ya ɗana, ya murɗa kunnuwansa, ya ce, "Bon. Wanga ai gurmi na, sun dai sa mishi ƙarhe." A aljihun akwatin akwai kaset guda, muka sa a rediyonsa. Wasu tsofaffin Turawa ne ke rera waƙa ta hanci, da goge a bayansu, da wannan abin yana sukuwa. Baba Arzika ya saurara ido rufe, can ya ce wanda ke kaɗa shi ba ja yake ba, duka yake, kamar yadda ake yi a garinsu. Kafin kaset ya juya ya kama kiɗan farko da hannunsa.

Na ce sai ya koya mini. Ya ce shi bai taɓa koya wa mace ba, na ce ni ma ban taɓa koyo a wajen mai gadi ba. Ya yi dariya, ya ce in zo, amma in sani shi ba da baki kawai yake koyarwa ba. Gaskiya ya faɗa. Akwai wani guntun tiyo da yake ajiyewa a gefensa. Sai in dunƙule hannun dama kamar na riƙe ƙwai, in saukar da shi gaba ɗaya daga wuyan hannu, bayan farcen yatsan tsakiya ya doki tsirkiya, babban yatsa ya sauka a kan gajerar ya tsinke ta a hanyar dawowa. Duka, shara, tsinka, haka ake ta yi. Da zarar yatsana ya miƙe zai ja tsirkiya sama, tiyo ya sauka a bayan hannuna. "Ƙasa, ɗiyar ga, ƙasa. Doucement, a hankali." Farcena ya tsage, gefensa ya yi jini, farar fatar nan ta yi ɗigo-ɗigo ja har ta koma ruwan ƙasa. Na tsani tsohon nan tsana mai tsanani, sau biyu ina zuba masa gishiri a shayi, amma kullum ni ce a gabansa tun kafin ya gama karyawa. Ranar da hannun ya faɗa daidai, na ji kiɗan yana tafiya da kansa ba ni ke tura shi ba, sai ya ɗauki tiyon ya jefa bayan sito.

Kiɗan kaset muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ba mu san sunayensu ba sai muka raɗa musu namu, akwai na tsohuwa mai tari, akwai na jaki ya ƙi tafiya. Daga nan ya shiga ba ni na gida. Ya ce waɗancan na rawa ne, kowa na iya taka su, amma waɗannan take ne, kowane da mai shi. Ɗan dambe in an kaɗa takensa ba ya zama, ko yana cin tuwo, ko yana jinya, jikinsa ne ke tashi kafin ya yi shawara. Akwai wani mai nauyi, mai jan ƙafa, da ba ya koya mini sai Kawu ya bi mota zuwa tashar jiragen ruwa. Na tambaye shi dalili, ya ce na Kawu ne, ya ji shi a kalangu a dandali tun Kawu na saurayi. Ya kama kunnena ya murɗa har na ga taurari, ya ce in na kuskura na kaɗa shi inda Sale zai ji, shi da kansa zai karya mini yatsu. Na ce to me ya sa yake koya mini. Ya ce shi tsoho ne, bai son abin ya bi shi rami.

Duk wannan lokacin Ila bai huta ba. Ya watsa wa Kawu ruwan kwata a masallacin layi, ya sa masa ƙafa yana ɗauke da injin wanki har ya fasa gwiwa, ya tsaya a gaban mutane yana kiran sunan kakata da kalmar da ba zan rubuta ba. Baba ya kai ƙara wajen manyan Hausawan Deira, aka kira Ila aka yi masa faɗa, ya ce khalas ya bari, washegari ya dawo. Kullum Kawu hannu a baya. Na daina yi masa magana don haushi, in ya ce Innata sai in juya masa ƙeya.

Ana saura 'yan kwanaki Ila ya tafi gida, ya zo da tsakar rana, lokacin da ma'aikata suka watse neman inuwa, Baba kuma ya tafi Deira wajen masu kaya. Ina can saman tarin kwalaye da banjon a cinyata. Ya shigo da abokansa biyu, suka ja ƙofar sito suka tsaya a bakinta, shi kuma ya ɓalle katako daga abin ɗora kaya, da ƙusoshinsa a jiki. Dukan farko a kafaɗa ya samu Kawu, na biyu a haƙarƙari, na ji ƙarar har inda nake. Kawu ya durƙusa, hannayensa na nan a baya. Na uku ya tsaga masa kai, jini ya rufe masa fuska ya gangaro cikin riga, Ila yana cewa, "Ɗaga hannun mana, ɗaga in gani." Baba Arzika ya taso da gudu ya shiga tsakani ya tare da hannun dama, katakon ya sauka a kai, hannun ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Ya faɗi yana birgima. Ila ya koma kan Kawu, yanzu kai kawai yake nema, kuma na ga idanunsa, ba shi da niyyar tsayawa. Daga ƙasa tsohon ya ɗago ya neme ni da ido. Ya ce, "Ummi. Kaɗa mishi."

Hannuna ya san hanya. Na doki tsirkiya da duk ƙarfina, rufin kwanon ya amsa. Ban kai ƙarshen zagaye na farko ba na ga hannayen Kawu sun saki juna. Ya miƙe a hankali, ya share jinin idonsa da gefen hannu, ya tura hagu gaba, ya ja dama baya can ƙasa, ya fara wani taku da ban taɓa ganin ya yi ba. Ila ya kawo katako, Kawu ya karɓe shi a damtse. Naushi ɗaya ya yi. Muƙamuƙin Ila ya koma gefe, haƙoransa suka zubo a siminti, ya faɗi bai ko shure ba. Abokansa suka buɗe ƙofa suka arce suna ihu, kuma ihun nan ne ya kawo 'yan sanda.

Kafin su iso Kawu ya ɗaure wa Baba Arzika hannu da tsumma, ya juya Ila a kan gefensa don kada jini ya shaƙe shi, sannan ya zo ya zauna a gindin kwalayen. Na sauko ina kuka, ina jiran faɗa. Ya ce, "Innata, wa ya ba ki wannan?" Na nuna tsohon da baki. Ya gyaɗa kai, ya ce, "Kin yi sauri da yawa. Takena ba a gaggawa da shi." Ya ɗora kumburarren hannunsa a gwiwata yana buga mini yadda ake jan sa, a hankali, har muka ji jiniya a bakin layi.

Ila bai mutu ba. Shi da Kawu duka an ɗaure su, an kuma kore su. Mama ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwar Baba Arzika, ta ce ya sa yarinya ta raba ƙaninta da abincinsa. Ni ban taɓa yarda da wannan ba, har gobe. Da na yi shiru, da gawar Kawu Babana zai yi wa takardun kago. Amma abincin ya tafi, wannan gaskiya ne. Kawu ya koma fawa a kasuwar garinsu, babbar 'yarsa ta bar makaranta, ginin bai ƙarasu ba har ya rasu. Hannun Baba Arzika ya warke a karkace, bai sake kiɗa ba, sai dai ya zauna ya sa ni in yi, yana gyara mini da baki.

Yanzu layin siton nan ya zama shagunan kofi da ɗakunan nuna zane, kuma wani lokaci a can ake gayyatata in yi wasa. Mutane masu kirki ne, suna zama a kujeru cikin sanyin esi, su ɗaga wayoyinsu, in na gama su tafa su tambaye ni tarihin abin. Ina kaɗa musu na kaset, ina kaɗa musu na gida, har da masu nauyin, kuma hannuna ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Sai dai masu takensun nan duk sun kwanta dama, ni kaɗai na san sunan kowa. Nakan duba ɗakin ina kiɗa, kowa yana zaune lafiya, sai kewar mutanen nan ta kama ni.