Karan Dawa a Akwatin Famfo

Jiya a kasuwar Tambuwal na ji ƙaurin wayar lantarki ta ƙone a wurin masu niƙa, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Shi ke kula da famfon ruwan gari a shekarun samun mulkin kai. Kullum da bayan hannu yake taɓa injin, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta.

Akwai wata na'ura cikin akwatin ƙarfe a bangon ɗakin injin, wadda ke yanke wuta da kanta in injin ya yi zafi. Wata bazara na koro shanunmu daga wajen Kebbe da ƙishirwa, ga mata da tuluna suna jira, na'urar ta yanke har sau uku. Da Kawu ya tafi sallar azahar, na karyi karan dawa na tokare maɓallin na'urar don kada ta sake yankewa. Ruwa ya zo, mata suka yi ta sa mini albarka.

Da ya dawo, tun daga ƙofa ya shinshina iska. Ya zare karan, inji ya tsaya cak. Ya kwance famfon, sai ga yashi cunkus.

"Ɗana, marar lahiya shina nishi, kai ko ka toshe mai baki," in ji shi. "Da ya ƙone, da garin ga da shanunka sai kun jira damana."

Bai sake ta da maganar ba. Karan kuwa ya soke shi a saman akwatin, yana nan har ya bar aiki.

Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu.