Hajiya Kulu Mai Kwasar Ƙarshe

Kafin motocin unguwar Kalakla su fara ɗibar ma'aikata, Hajiya Kulu ta riga ta hura wuta, ta zauna gaban ƙarfen suya tana shafa ƙullun dawa tana ɗaye kisra, wainar nan marar kauri. Yatsunta sun daɗe da daina jin zafi. Kisrar tana tafiya gidajen abinci a kasuwar Suk al-Arabi, ita kuwa tana nan cikin hayaƙi har azahar. Haka muka san ta tun tana da baƙin gashi.

Ɗanta Tariq makanike ne a wani kamfani mai jirage masu saukar ungulu. Ya gaji da kwanciya ƙarƙashin jirgi, ya ce tuƙi yake so. Kamfanin ya yarda a koya masa karatun kyauta, amma tashi sama kowace awa da kuɗinta, kuma kuɗin ba na ɗan mai kisra ba ne. Unguwa ta yi dariya. Kulu ta sayar da filin gadonta, ta ɗora da awarwaronta, ta ce saura kuma sai sanduk, adashen da matan unguwa suke zubawa wajen Bakhita.

A nan halinta ya fito. Kowa kokawar kwasar farko yake, ita ta ƙarshe take nema.

Bakhita ta ce, "Ya Hajja, ke ce mai buƙata, ki fara ɗauka mana."

Ta ce, "Wanda ya fara kwasa kuɗin mutane ya ci. Ni sai na gama zubawa, in ɗauki nawa."

Ba taurin kai ne kawai ba. Ubanta lebura ne a gonakin Jazira, ya ci shail, bashin da ɗan kasuwa yake bayarwa tun shuka bai fito ba. Tana yarinya ta ga an auna dawarsu a masussuka an loda wa raƙumin wani, suka koma gida da buhu wayam. Shi ya sa da Alhaji Ɗanjuma mai shago ya ce zai biya wa Tariq duka, ya riƙa cira daga albashinsa, ta dube shi ta ce, "Ya Hajj, dawa aka kwashe wa ubana. Ni ɗa za ka kwashe mini?"

Haka Tariq ya yi ta koyo a gutsure. In uwarsa ta kwashi sanduk ya tashi sama, in kuɗi ya ƙare ya koma ga sifanarsa. Waɗanda suka fara bayansa suka gama suka bar shi. Wata rana ya ce wa uwarsa, "Yumma, zan tsufa a ƙasa." Ta ce, "Tsufa dai, ba mai buga maka ƙofa don bin bashi."

Saura kwasa ɗaya ya cika awanninsa ya shiga jarrabawa, yaƙi ya ɓarke cikin azumi. Kulu ta gama zubinta kaf, kowa ya kwasa, saura ita. Mata suka watse, wasu Kasala, wasu Masar, wasu kabari. Da ta kwasa tun farko, da Tariq ya gama. Wannan gaskiya ce, kuma an faɗa mata ita a fuska.

Kamfani ya kwashe jiragensa ya tafi da Tariq a matsayin makanike. Ita ta tsallaka Omdurman da kayan jikinta. Waɗanda suka zauna can sun shaida cewa ta kama aikin takiyya, inda ake dafa wa mayunwata kyauta, tana suyar kisra harsashi na wucewa, hayaƙi na cin idonta har na hagu ya mutu. Ba wanda ya ji ta ambaci sanduk.

Hajiya Kulu, ke ce wadda aka cinye wa rabo kika ciyar da mutane. Ke ce kika binne maƙwabta ba ki bi magadansu da maganar zubi ba.

Bana ta dawo Kalakla, gida ba ƙofa ba taga. Ta samo ƙarfe ta hura wuta, ta aika wa Bakhita cewa a tada sanduk, a sa ta a ƙarshe. Bakhita ta zo da matan da suka rage, ta ajiye ƙullin kuɗi kan tabarma.

Kulu ta ture shi. "Ba na kwasar farko."

Bakhita ta ce, "Wallahi ki ji tsoron Allah, ya Hajja. Wannan ta ƙarshe ce, ta kafin yaƙi. Zubin 'yar adashinmu Wafa ma, Allah ya jiƙanta, 'yarta ta kawo. Ke kin ƙi cin bashi, mu kike so mu mutu da shi?"

Sannan Kulu ta ɗauka. Kuɗin ya lalace, abin da zai kai Tariq jarrabawa a da yanzu da ƙyar zai sayi awa guda. Ta aika masa a ranar.

Mun gode, Hajiya. Ku kuma samari masu sa hannu a takardar rance saboda waya da babur, ku je Kalakla ku dubi yatsun matar nan. Tariq bai zama matuƙi ba tukuna. Amma ranar da ya tashi wannan awar, babu mahalukin da zai ɗaga kai ya ce da kuɗinsa a ciki.