Madubin da Yaya Ya Manna a Ginshiƙi

Ranar Litinin wakilin mai gida ya sa aka cire ƙarafan da suka tokare benenmu, aka cika tankin ruwan da ke kan rufi, aka kori yayana daga bakin ƙofa da sanda. A hawa na uku nake, ni da 'ya'yana da surukata wadda ba ta iya sauka matakala sai an goya ta.

Yayana magini ne, kuma ba zan yi masa kwalliya ba: a da mugun mutum ne, mashayi, bakinsa kamar reza. Shi ya gina wannan benen tun ban san zan kama haya a ciki ba. Inda ya kamata rodi mai kauri ya shiga, siriri ya sa. Yashi ya fi siminti yawa. Kayan da suka rage ya kwashe, suka tafi a giya.

Da ya tsufa ya bar sha, ya koma zama a bencin baya a majami'a. Wata Lahadi aka karanta labarin wani annabin Ibraniyawa da Allah ya aika babban birni ya gargaɗe su cewa halaka na tafe. Mutanen suka tuba, babba da yaro, Allah ya ji tausayinsu ya fasa. Ana tashi Yaya ya riƙe hannuna.

"Ƙanwata, zunubina yana ƙarƙashin gadonki. A cikin ginshiƙi na binne shi."

Na zaci ruɗin tsufa ne, sai da ya ja ni ƙarƙashin matakala ya kankare fenti da wuƙa. Tsaga ce, yatsana na shiga.

Ƙofa-ƙofa ya bi yana cewa, "Ni na cuce ku." Telan da ke hawan ƙasa ya tofa masa yawu, bai ko goge ba. Amma tsoro ya kama kowa. Muka juye tanki, muka sauko da kaya masu nauyi. Yaya ya roƙo ƙarafan tokara wurin tsofaffin abokan aikinsa ya kakkafa. Sannan ya ɗauki guntun madubi ya manna shi da siminti a kan tsagar.

"In bango ya motsa, wannan zai fara gaya muku. Ranar da kuka ga ya tsage, kada wanda ya tsaya neman takalmi."

Damina ta zo ta wuce, bene bai faɗi ba. Yaya ya durƙusa a ƙarƙashin matakala yana kuka yana gode wa Allah. Su kuwa maƙwabta sai suka ga an raina musu hankali. Mata sun gaji da hawa da bokiti, ban ga laifinsu ba, ni ma bayana ya shaida. Aka sa masa suna Baba Zai-Faɗi.

"Baba Zai-Faɗi, yau ne ko gobe?" in ji tela. "In sani ko in ƙarasa wa mutane ɗinkinsu."

"Ƙarasa, ɗana. Jinkiri aka yi mana, ba a ce an gyara ba."

Da aka cire ƙarafan ranar Litinin ɗin nan na je wurin wakili, ko kujera bai nuna mini ba. Wai ƙarafan suna korar masu neman haya.

"Baiwar Allah, yayanki in gafara yake nema ya je wurin Ubangijinsa, ba ƙarƙashin matakalarmu ba."

Tun ranar da aka kore shi Yaya yana tsallaken titi, a inuwar mai facin taya, idonsa a kan benen daga safe har yamma. Na kai masa abinci, yadda na kai haka na ɗauko.

"In ya rufta da yaranki," ya ce, "da wane baki zan ce Allah ya yafe mini?"

Yau da safe na leƙa ƙarƙashin matakala. Madubin ya rabe biyu. Garin yashi na zubowa a hankali daga saman ginshiƙin, ya yi ɗan tsibi a ƙasa. Na yi ihu na tara mutane, wakili ya leƙa ya ce yara ne suka jefa dutse.

Na kora 'ya'yana waje, na goyo surukata na sauko da ita, kowane taki ina jin kamar matakalar na numfashi. Yanzu tana kan tabarma kusa da Yaya, tana tambayata yaushe za mu koma ɗaki. Daga nan ina jiyo keken tela, ina hango wata mai jego tana shanya a hawa na biyu.

Mutumin da ya yi ɓarnar ya faɗa da bakinsa, ya sha yawu a fuska. Allah ya tsayar mana da benen damina guda, ku kuka mai da rahamarsa hujjar cewa babu komai. Mai gida, kai da wakilinka, ku juye tankin nan yau, ba gobe ba. Ku mayar da ƙarafan inda kuka cire su. Ku fitar da mutane, ku kawo injiniya ya fasa ginshiƙin kowa ya gani. Kuma ku bar yayana ya tsallako titi ya nuna masa wurin.