Albasar Kwaɗi a Gidan Malam

Tun da masu bindiga suka zo a kan babura suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan tafkin Kalmalo, ni aka kawo wurin Gwaggo a Illela, su Inna suka sauka Amarawa. Mijin Gwaggo malami ne, a zaurensa yake karantarwa. Ban cika zuwa wajen zauren ba. Babura suna wucewa ta ƙofar gida duk yini, kowane ɗaya kuwa in na ji ƙararsa sai na zabura. Na gama sakandare, na san 'yan kabu-kabu ne kawai. Jikina ne bai sani ba.

Da Baba zai koma kwaso sauran kaya, ya tambaye ni abin da nake so. Na ce albasar kwaɗi, ta bakin fadama. Ya daɗe yana kallona, amma ya kawo. Ita ce take fara fitar da fure in ruwa ya sauka, fari mai jan zane a tsakiya, muna yara mukan tsinko mu soka a kitso. Ba a cin ta. Ko akuya ba ta kula ta.

Na samu fasasshiyar tukunya na dasa ta a lungun bayan ɗakin Gwaggo, wurin da hayaniyar titi ba ta kaiwa sosai. Na haɗa da reshen duman rafi. A can nake yini. Wani lokaci har magana nake yi mata a hankali, don ban iya yi da mutane ba tukuna. Ta fitar da ganye, dogaye masu sheƙi, abu na farko da na ga ya yi daidai tun barinmu gida.

Wata maƙwabciya mai sayar da ƙuli ce ta leƙo neman kazarta ta same ni durƙushe ina raɗa. Kafin la'asar magana ta zagaya unguwa: yarinyar ƙauye ta dasa gaɗali a gidan Malam. Sai ranar na gane cewa abin da muke kira albasar kwaɗi a fadama, in ya shiga tukunya a lungu sunansa ya canza. Gaɗali ake ce masa, na masu asiri, wanda ake ba nono da turare don a mallake wani.

Gwaggo ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce ta san ni, amma mutane ba su san ni ba, kuma gidan da ake turo yara karatu ba ya ɗaukar irin wannan suna. Ta ce in cire da kaina kafin Malam ya shigo. Na kasa. Na zauna gaban tukunyar ina jin tsoro kamar ranar da muka gudu, har kunya ta kama ni, wai a kan ciyawa.

Malam ya shigo da butarsa. Ya tsuguna ya duba, ya taɓa ganyen.

"Ɗiyata, mi kike ba ta?"

Na ce sauran ruwan alwala.

"Shi kaɗai?"

Na gyaɗa kai. Ya tambaya ko me nake faɗa mata in ina raɗa. Da ƙyar na ce sunayen gonakinmu nake kirawa, kada in manta.

Sannan ya juya wurin Gwaggo ya ce shi ma da ita ya taso, a fadamar Lafani, har dukan tsiya ya sha don ya kai wa uwarsa ita a matsayin albasar miya. Gwaggo ta ce ai har yau bai san albasa ba, in an aike shi kasuwa ruɓaɓɓa yake kawowa. Ya yi dariya. Ya ce laifin ba na tsiron ba ne, na lungu ne. Duk abin da aka ɓoye a tukunya, mutane za su sa masa suna.

"A hidda ta tukunya, a dasa ta ƙasa, nan bakin zaure inda nike alwala. Kowa shi gani."

Bakin zaure. Na so in roƙe shi ya bar ta nesa da titi, na ga babu wata hanyar. Ni na haƙa ramin, baburan suna wucewa, ina tsayawa ina ci gaba. Duman rafin bai jure dashen ba, ya bushe. Ita kuwa ta kwanta kwana biyu, ta tashi.

Maƙwabciyar har yanzu tana ɗauke kai in ta zo wucewa, ban kuma riƙe ta ba. Da ni na ga haka a gidan wani, ban san abin da zan ce ba. Yanzu da safe nakan fito in cire mata ciyawa, da sauri, bayana a jikin bango. Malam ya hana masu karatu zubar da wankin allo a kanta, wai kada a sake samun abin faɗa.