Ajiyar da Salisu Ya Bar Mini a Gwangwanin Goro

Ranar Laraba bayan azahar ina tsakar gida ina tsintar wake, ɗana Idi ya shigo ba sallama. Ya tsaya jikin rumbu, ya cire hula, ya ce babbar mota ta buge Salisu a kan hanyarsa ta dawowa daga Konni, kafin a kai shi likita rai ya yi halinsa. Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Sai na duba na ga hannuna bai daina tsintar waken ba.

Salisu jikana ne, ɗan babban ɗana marigayi. Ni na yaye shi, ni na raka shi lakwal, wato makarantar boko, ranar farko yana ta kuka. Tun yana ƙarami nake ce mishi maigida, shi kuma ya ce mini amarya. Da ya gama karatun lantarki a Yamai ya dawo Dogarawa, na ce mishi na ga miji ya dawo ba ko turmin zane. Ya ce ruwa ya kawo mini, in ɗaura in ina iyawa.

Ruwan kuwa ya kawo. Mu matan unguwa muna da garkar albasa da foraj, wato rijiyar burtsatse, da famfo mai aiki da hasken rana. Salisu ne ya haɗa mana ɗan allo kore cikin akwati, wanda ke tada famfon da safe, ya tsayar da shi in tanki ya cika. A tsakiyar allon akwai wani baƙin abu kamar ƙwaro mai ƙafafu birjik. Shi ne ƙwaƙwalwar, in ji shi.

Mako guda kafin rasuwarsa famfon ya fara iskanci, rana tsaka sai ya tsaya alhali tanki ko rabi bai yi ba. Mata suka ce a jefar da ƙwaƙwalwar a sa sabuwa. Salisu ya ƙi. Abin da yakan ce ke nan, ko kan inji ko kan mutum: "Kada a ɗora ma abu laifi sai an tsai da shi an tambaye shi."

Ya ciro allon ya kai ɗakin aikinsa. Na bi shi da kujerata, don na saba zama can ina hana shi sakat. Yana da wani ɗan akwati mai faffaɗar waya, shi yana ce mishi emilatar, ni na sa mishi suna wakili. Domin aikinsa ke nan: a cire ƙwaƙwalwa daga mazauninta, a dasa bakin wayar a wurin, ɗayan gefen a haɗa da ordinatar, wato kwamfuta. Allon sai ya ɗauka mai gidansa ne zaune, ya ci gaba da aiki, Salisu kuwa yana kallon duk abin da ke gudana. Ya tsayar da shi inda ya so, ya sake shi taki ɗaya, ya sake tsayarwa. Na ce da ana samun irin wannan na mutane, da na dasa shi a kan baffanka Idi na ga abin da ke hana shi dariya.

Bai taɓa haɗa wakilin nan da gaggawa ba. Sai ya kashe wuta. Sai ya taɓa ƙarfen ƙofa, wai jikin mutum na ɗauke da wata wuta da ke kashe ƙwaron. Sai ya duba jan layin da ke gefen wayar, ya daidaita shi da ɗigon da ke kusurwar mazaunin. Ya sa ni haddace su kamar karatun allo, in na yi kuskure ya ce an kori amarya daga aji. "Wayar ga in ta shiga a juye, ba ta neman gafara," in ji shi.

Kwana uku yana bin abin taki taki. Ranar Talata na ji ya yi dariya shi kaɗai. Ƙwaƙwalwa ba ta da laifi, ya ce, ƙarya ake kai mata. Wani ɗan abu da ke karɓo labarin ruwan tanki ne ke lalacewa in ya ji zafi, sai ya ce an cika. Ya karɓi jan zare daga ɗinkina ya ɗaura a wurin. Ƙwaƙwalwar kuma ya soke ƙafafunta a wani baƙin soso, ya sa a gwangwanin gorona, ya ce in riƙe mishi, ɗakinsa ya cika ɓatar da ƙananan abubuwa. Da safe ya hau babur zuwa Konni sayen ɗan abin nan. A aljihunsa aka same shi, cikin ƴar leda.

Bayan jana'iza Idi ya tattara kayan jikinsa ya sa a ɗakin aikin, ya datse da kwaɗo. Ya ce kayan mamaci ba a taɓa ko allura sai malamai sun zauna rabon gado, akwai mace da marayu biyu. Idi mai tsoron Allah ne, ban ga laifinsa ba. Amma allon garkarmu na ciki, da wakili dashe a jikinsa.

Foraj ba rijiya ba ce, guga ba ya shiga. Mata suka koma ɗauko ruwa da amalanken jaki daga bakin gari, abin da bai isa kwata na garkar ba. Albasa ta fara kwantar da kai.

Ni kuwa zaman makoki ya gagare ni. A shimfiɗa mini tabarma, in zauna, a yi mini gaisuwa biyu, in miƙe. In je ƙofar ɗakin in taɓa kwaɗon, in leƙa garka, in dawo, in buɗe gwangwani in rufe. Hawaye ko ɗigo. Mata suna raɗa cewa tsohuwa ta taɓu. Ba su san ajiya ce ke cizona a ƙugu ba.

Ranar sadakar uku na ce wa Idi allon na mata ne, ba na Salisu ba. Ya ce ya sani, amma in ya buɗe don wannan, gobe wani zai zo ya ce rediyonsa na ciki. Inna ki yi haƙuri, in ji shi. Na yi haƙuri kwana biyu. Ranar ta shida Zainabu ta zo gaisuwa daga Illela, abokiyar karatun Salisu ce, aikinsu ɗaya. Na ja ta bayan rumbu na nuna mata gwangwanin.

Abin da ya biyo baya zan faɗa a nan, don Idi ya daina zargin matarsa da ɗaukar mabuɗin ɗakin. Ni ce. Idi, ka rataye rigarka za ka yi alwalar la'asar, na zare mabuɗin. Amma ban shiga a ɓoye ba, na aika aka kira liman ya tsaya bakin ƙofa. Ya tambaye ni dalili.

Na ce, "Malam, yaron ga ya tahi da amanar mutane a wuyanshi. In albasar ga ta mutu, wa za a tambaya?"

Ya ce amana ba ta shiga gado, a fitar da ita, shi ne shaida.

Ɗakin yana nan yadda Salisu ya bar shi, har kofin shayinsa. Zainabu ta kai hannu ga wayar wakilin, na riƙe ta. Na ce a kashe wuta tukuna. Ta ce Kaka, a kashe take. Na ce to taɓa ƙarfen ƙofa. Ta dube ni, ta je ta taɓa, ta dawo idonta ya kawo ruwa, ta ce haka yake sa su yi tun suna lakwal. Ta zare wakilin a hankali. Na nuna mata jan zaren, ta cire abin da ya lalace ta liƙa sabon da aka samu a aljihunsa da darma. Sai na buɗe gwangwani. Ita ta dasa ƙwaƙwalwar, ni ina faɗa mata ɗigo ya dubi ɗigo, kamar ba ta fi ni sani ba.

Wakilin da ordinatar muka bar su a kan tebur, waɗannan na marayu ne. Na kulle, na mayar da mabuɗin cikin aljihun rigar Idi.

Washegari da hantsi aka mayar da allon akwatinsa. Famfo ya tashi. Ba wanda ya yi murna, don da safe dama yakan tashi. Muka tsaya muna jiran rana ta take. Na kewaya tankin nan ban san sau nawa ba. Inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, famfo bai tsaya ba. Sai da ruwa ya kai baki ya yi shiru don kansa. Layi biyu na albasar gefen gabas sun riga sun ƙone, sauran sun tashi.

A nan bakin tankin na zauna a cikin laka, kukan kwana bakwai ya zo gaba ɗaya. Idi ne ya ɗaga ni, bai tada mini zancen mabuɗi ba, har yau.

Maigida, na mayar da ajiyarka. Zanen dai har ka tafi ba ka saya ba, na yafe.

Allah ya jiƙan Salisu, ya yafe mishi kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya mana garka. Duk shukar da ta sha ruwan nan, Allah ya kai ladan gare shi. Allah ya ba matarsa Rabi juriyar takaba, ya raya Hamza da Nana cikin albarka, ya ba su natsuwar ubansu. Allah ya saka wa Zainabu da liman, ya ƙara wa Idi haƙuri da uwarsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ba amanar kowa a hannunmu. Amin.