Tuwon La'asar a Bayan Shago

Shekarar da aka fara maganar tsuke bakin aljihu, wajen ƙarshen mulkin farar hula, na bar Danchadi na kama shagon ɗinki a Shagari. Matata ta rasu da damina, ba mu sami haihuwa ba, zaman gidan ya gagare ni. A nan ƙwannafi ya kama ni. Da na ci abinci sai ruwa mai tsami ya taso har maƙogwaro, ƙirjina kamar an zuba garwashi.

Da farko farin maganin ƙwannafi na kwalba nake sha, sai ya ɓace daga kantuna yadda sabulu da madara suka ɓace. Na hau mota zuwa Bodinga. Malamin asibiti, wani dattijo, ya nuna mini kanta wayam.

"Tela, magani kam babu," in ji shi. "Mi kaka ci?"

Na ce goro, shayi, ƙosai da yaji, sai tuwo bayan isha'i.

"To, bar goro, bar yaji da maiƙo. Ci kaɗan, tun rana ba ta faɗi ba. In ka ci, kada ka duƙa bisa keke. Ka ɗaga wajen kan gadonka da tubali."

Na bi maganarsa. Amma a unguwar da na sauka, maza kan fito da akusan tuwo bayan isha'i su yi ciyayya a ƙofar gidan liman, nan baƙo ke zama ɗan gari. Ni kuwa na riga na ci nawa da la'asar, ni kaɗai a bayan shago. Nakan je in zauna hannu a cinya. A miƙo goro, in ce Allah amfana.

"Ko abincinmu na bai yi maka ba?" in ji wani mai albasa.

Na yi bayani, suka ce Allah sawwaƙe. Sannu a hankali aka daina matsa mini wuri a tabarma, ni ma na daina zuwa.

Kafin shekara ta zagayo, wutar ƙirjin ta lafa.

Ranar da sojoji suka karɓi mulki, garin ya yi tsit tun safe, ba wanda ya leƙo ya gaya mini. Sai da la'asar na ji a bakin wata tsohuwa mai tallar nono da ta tsaya neman ruwa. Na ba ta ruwa, na tura mata kwanon tuwona. Ta ɗanɗana, ta dube ni.

"Ɗan nan, wa ka yi maka wagga miya salam?"

Na ce ni. Ta aje ƙwaryarta, ta gyara zama, muka cinye tare.